Ɗan ƙanwata mai walda yana son takarar majalisar jiha, in mara masa baya?

Baba Na Kakuri:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ɗan ƙanwata, wanda a hannuna ya tashi, mai walda ne, yana haɗa ƙofofi da tagogi da yaransa a shago. Shekararsa 34, karatunsa ya tsaya a sakandare. Wai kujerar majalisar dokokin jihar Kaduna yake so.

Na tambaye shi dalili, bai yi min dogon turanci ba. Tare muka yi aikin masaƙa da mahaifinsa, aka rufe ta, ya rasu yana jiran kuɗin sallama. Shi kuma yaron wuta ce ta ishe shi. Ribarsa a man janareta take ƙarewa, ga masu rasit kala-kala suna sintiri a ƙofar shago. Ya ce yana son a samu ko mutum ɗaya a zauren nan da ya san zafin biyan yara ranar Asabar alhali ba a yi ciniki ba.

Abin da ke riƙe ni shi ne Adams Oshiomhole. Mu 'yan masaƙa namu ne. A Arewa Textiles nan Kaduna ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007. A 2000 da Obasanjo ya kai litar fetur naira 30 daga 20, yajin aikin da ya jagoranta ne ya sa ta dawo 22. Ranar da kotu ta ba shi kujerar gwamnan Edo a Nuwamban 2008, mun yi murna kamar ɗanmu ne ya hau. Sai ga bidiyon 2013, yana cikin kakinsa na 'yan ƙwadago, yana yi wa wata bazawara mai kasa kaya a bakin titi tsawa a Benin, har da cewa ta je ta mutu. Ya ba ta haƙuri daga baya, na sani, amma abin ya tsaya min a rai. To tashi cikin talauci yana riƙe mutum kuwa idan ya hau?

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Baba. Ta fuskar doka ba shi da matsala. Tun gyaran tsarin mulki na 2018 ɗan shekara 25 ma zai iya tsayawa, karatun sakandare ya wadatar, sai dai dole jam'iyya ce za ta tsayar da shi. A nan gizo ke saƙar. A 2022 APC naira miliyan 2 ta sayar da fam ɗin majalisar jiha, kuma fam shi ne mafi sauƙi a lissafin. Dokar zaɓe ta 2022 ta yanke wa ɗan takarar wannan kujera iyakar kashe miliyan 30, daga nan ka gane irin kasuwar. Ga daliget, ga wakilan akwati a kowace rumfa. Ku tambaye shi wa zai biya, domin wanda ya biya shi zai riƙa juya shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, ka yi wa Kwamared Oshiomhole adalci kaɗan. Shekara ashirin da wani abu yana zama da masu kamfani yana ciniki a kan albashin mutane kafin ya nemi ƙuri'a, har kwalejin Ruskin ya je a Ingila ya karanci harkar ƙwadago. Ba talaucinsa aka zaɓa ba, aikinsa aka gani. Ɗanka ya taɓa riƙe ko ma'ajin ƙungiyar masu walda? Sannan don Allah kada ya sayar da injinansa. Matarsa da 'ya'yansa ba su tsaya takara ba.

Ɗan Santsi:
Ni dai na ce ya fito. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a jam'iyyar PRP, amma 'yan jam'iyyar NPN ne suka cika majalisa. Suka hana shi kwamishinoni, suka tsige shi a Yunin 1981. Kujerun da muke rainawa su suka kayar da gwamnan talakawa. Kujera 34 ce a majalisar nan, in kowa ya ce sai mai kuɗi, su za su ci gaba da zama a kai.

Baba Na Kakuri:
Na gode ƙwarai. Hajiya, sakataren ƙungiyarsu ne na unguwa, shi ya tara musu kuɗin gyaran taransifoma bara, kuma ya kawo lissafi har kwabo. Malam, tambayarka zan kai masa yau bayan isha'i. Injin walda kuwa da kuɗina aka saya, ba mai taɓa shi.