Filastar rigakafin ƙyanda: mu jira ta ko mu gyara firij?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Kwamitin mazaɓarmu ya tara kuɗin gyaran firij mai sola na asibitin sha-ka-tafi. Sai wasu suka ce kada a yi asara, wai filastar rigakafi ta kusa zuwa, ba ruwanta da sanyi. Ranar Asabar za mu zauna. Masana, mu gyara ko mu dakata?

Sista Maman Ilham: Wa alaikumus salam Alhaji. Ku gyara. Filastar gaskiya ce, amma har yanzu a matakin gwaji take. A Gambiya aka gwada ta ƙyanda da rubella (wata cuta mai kama da ƙyanda), sakamako ya fito a 2024: manya 45, yara 'yan wata 15 zuwa 18 su 120, jarirai 'yan wata 9 zuwa 10 su ma 120. A wuyan hannu ake danna ta, a bar ta minti biyar, a ɓare. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran sun samu kariyar ƙyanda. Amma ko gobe ta iso, ina za ku ajiye BCG (rigakafin tarin fuka) da Penta (rigakafin cututtuka biyar) da ɗigon shan-inna?

Ɗan Kemis: Ai tana kasuwa. Mata na saye, kuma ba ta da tsada.

Likitan Magunguna: Malam, waccan ta kwalliya ce, ta ƙurajen fuska, babu rigakafi a cikinta. Ta gaske ƙananan tsinkuna ne da ba su kai milimita ɗaya ba, an ƙafar da maganin a jikinsu. Suna huda ɓawon fata na sama kawai, su narke a ciki. Idan ba a danna da ƙarfi ba, ko aka ɓare da wuri, ko danshi ya shiga ledar, tsinken zai lanƙwashe, maganin ya tsaya a waje. Kuma da farko sai ta fi allura tsada, don kowace guda mutum ɗaya ce, kwalba kuwa ta yara goma.

Malam Na-Sanyi: Tsada a ina? Kwalbar ƙyanda in an haɗa ta da ruwanta, awa shida ne a zubar. Shi ya sa uwa za ta tako daga ƙauye da goyo, a ce mata ta dawo sai yara sun taru. Wannan asarar wa ke lissafa ta? Kuma haɗin nan shi ne wurin haɗari. A ƙasar Samowa da ke tekun Pasifik, a Yulin 2018, ma'aikatan jinya biyu suka haɗa rigakafi da maganin sassauta tsoka da ya lalace maimakon ruwan haɗi, jarirai biyu suka rasu. Aka dakatar da rigakafin wata da watanni, iyaye suka tsorata suka janye. A 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe mutum 83, akasarinsu ƙananan yara. Filasta ba a haɗa ta da komai.

Hajiya Ta-Gabas: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ya ake kauce wa haka a nan?

Sista Maman Ilham: Hajiya, ba a ajiye wani magani a firij ɗin rigakafi, ko insulin ne. A karanta sunan ruwan haɗi da ranar lalacewarsa, na kamfani ɗaya da rigakafin, a rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalba.

Ɗan Kemis: In filasta ta zo, da me iyaye za su riƙa tsorata yara masu ƙin cin tuwo?

Likitan Magunguna: Na-Sanyi, maganar farashi ta masu ƙera magani ce, ba ta mai tsaron firij ba.

Malam Na-Sanyi: Yallaɓai, mai auna zafin firij safe da yamma ya tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8, shi ya san abin da ke lalacewa.

Baban Khalifa: 'Yan'uwa, batir ɗin firij za mu sauya ko farantin sola?

Hajiya Ta-Gabas: Kafin nan a biya matan da ke bin gida-gida alawus ɗinsu na zagayen baya. Suna ɗaukar akwatin sanyi cikin rana, kuɗin mota daga aljihunsu, sannan a ce sunansu bai fito ba. Wa ke riƙe da takardar sunayen?