Alƙali ya ƙi sakin talala, ina za mu nufa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu sanin shari'a su taimaka mana.

Ƙanena yana sana'ar saye da sayar da babura a nan Maradi. Wani babur da ya saya ashe na sata ne. Jandarmomi suka tsare shi, kafin awa 48 ɗin da doka ta ba su ta cika suka kai shi gaban mai shigar da ƙara. Shi kuma ya miƙa takardun ga alƙali mai bincike, wanda ya sa hannu aka kai shi gidan kaso.

Lauyanmu ya rubuta takardar neman sakin talala. Alƙali ya ƙi, wai wanda ya sayar da baburin ya tsallaka Najeriya ta Ɗan Issa, kuma idan aka saki ƙanena zai iya bin sa ko su haɗa baki. Mutumin da matarsa da 'ya'yansa da shagonsa duk suna nan, ina za shi? Takardar ciniki ma tana hannunmu, da shaidu.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne: mu ɗaukaka ƙara kan wannan ƙin, ko mu jira mu sake nema wajen alƙalin? Dangi na Katsina suna ta cewa a kawo mai tsaya masa a yi beli, to amma tsarinsu daban ne da namu. A Nijar ajiye kuɗin jingina a kotu yana sa alƙali ya sauya ra'ayi? Kuma har tsawon wane lokaci doka ta yarda a riƙe mutum kan irin wannan laifi ba a yi masa shari'a ba?

Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya yi mana bayani. Allah ya saka da alheri.