Idon da ya gani a Mush da Harput

Hauwa'u:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maudu'inmu na wannan mako shi ne matan mishan na Turai da Amurka da suka ga kisan ƙare-dangin da gwamnatin Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa Armeniyawa daga 1915, a garuruwa irin su Mush da Harput. Amsa-amo "ya", mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
Shi ne masanin abin da ke cikin zuciya.

An tara maza an kai su bayan gari,
Mata da yara aka kora kan hanya.

Daga Siwas Mary Graffam ta bi ayari,
Ta ƙi sakin ɗalibanta a tafiya.

Ana ware mazan ayari tana kallo,
Hukuma ta juyo da ita daga Malatiya.

A Harput Maria Jacobsen 'yar Denmak
Tana rubuta abin da ta gani, tana ajiya.

Dubban yara suka rage a hannunta,
Kowanne ka taɓa sai ya ce maka maraya.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Yaya Hauwa'u. Ba na musun kisan, mutum wajen miliyan ɗaya ko fiye suka halaka. Amma ga nawa.

Yaya, na ji naki da kunnen basira,
Zan sa baki, ba da nufin jayayya.

Matan nan bishara ta kawo su ƙasar,
Suna da manufarsu tun can baya.

Wasiƙunsu Ingila ta buga a 1916,
Lokacin tana yaƙi da Usmaniyya.

Shi ya sa Ankara har gobe take cewa
Asarar yaƙi ce, ta ci kowa gaba ɗaya.

Shaidar da ke rufe bakin mai musu
Ta Jalal Bey ce, gwamnan Halab da Konya.

Musulmi ne, ya ƙi bin umarnin kora,
Sau biyu ana tuɓe shi a kan gaskiya.

Goggo Asabe:
Ɗana Bashir, Allah ya ji ƙan Jalal Bey. Amma ni da na yi aikin jinya har na yi ritaya, na san akwai maganar da mace ba ta kai wa gwamna.

Gwamna yana ofis da takarda,
Jakada yana jiran a kawo shaida,
Wadda aka keta ba za ta yarda
Ta buɗe baki ba sai ga mai jinya.

Alma Johansson a Mush ta rene su,
Marayu, ita ke ci da su, ta tufatar da su,
Ta roƙi hukuma, aka zo aka kwashe su,
Aka kulle su a gida, wuta ta ci su baki ɗaya.

Bodil Biørn 'yar Nowe na da kyamara,
Ta ɗau hoton malamai da na yara,
A bayan hoto rubutu ta jera,
Wane an kashe shi, wance ta ɓace a hanya.

Hawaye bai hana Alma tashi ba,
Nisan Santambul bai tsorata ta ba,
Jakadun Jamus da Amurka ba ta ɓoye musu ba,
Ka ce bishara ce ta sa ta wannan wuya?

Zainab:
Goggo, a gafarce ni, zan sa baki cikin maganar manya.

Na yarda da Alma, na yarda da Bodil,
Amma ina muryar ita 'yar Armeniya?

Baturiya in ta faɗa, a buga a jarida,
Mai ciwon in ta faɗa, a ce ko ƙarya.

Zabel Yesayan marubuciyarsu ce,
An sa ta a jerin kamu, ta tsere Bulgariya.

Ta bi 'yan gudun hijira tana rubuta bakinsu,
Sai ga shi mun fara da Mary da Mariya.

Hauwa'u:
Ƙanwata Zainab, kin taɓo inda yake ciwo. Akwai wadda ta yi ƙoƙarin haɗa biyun, Karen Jeppe, ita ma 'yar Denmak. A 1921 Majalisar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ɗora mata aikin ceto mata da yaran da aka sace.

A Urfa ta ɓoye mutane a gidanta,
Ƙarƙashin ɗaki ta ba su kariya.

A Halab ta buɗe gidan karɓar mata,
Waɗanda aka sace, wata baiwa, wata amarya.

Wata ta zo da jarfa a haɓa da goshi,
Tambarin gidan da ta zauna, ga kuma kunya.

Kowacce a ɗau hotonta, a rubuta sunanta,
Da garinsu, da yadda ta rabu da uwa da 'ya'ya.

Bakin nasu ne, alƙalamin na ma'aikata,
Abin da ba a tambaya ba ya zauna a zuciya.

Malam Bashir:
Goggo, ban raina wuyar da suka sha ba, ina nan dai a kan a haɗa shaidarsu da ta 'yan ƙasa. Zainab, tambayarki ta sami amsa a kotun duniya ta Arusha mai shari'ar kisan ƙare-dangin Ruwanda, a hukuncin da ta yanke wa Akayesu, shugaban garin Taba, a 1998, shekara 83 bayan Mush.

Matan Taba ta Ruwanda suka tsaya gaban kotu,
Da bakinsu suka faɗa, ba wakiliya.

Mace ɗaya ce cikin alƙalan, Navi Pillay,
Da ta ji batun fyaɗe ta dage da tambaya.

Aka koma aka gyara takardar tuhuma,
Aka shigar da abin da aka bari a baya.

Ɗaurin rai da rai Akayesu ya sha,
Fyaɗe ya shiga ƙare-dangi a shari'ar duniya.