Cokalin Yana Kan Taga

Uwar Auta, Tudun Jukun:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau ni zan buɗe, amsa-amonmu "ba". Autana shekararsa 7, shawarar jarirai ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Malamar da ke kula da shi ta ajiye aiki makon jiya.

Shawara ta kama shi a zanen goyo,
Idonsa ya yi ɗorawa, ba mu gane ba.
Maƙwabta suka ce ai ɗan ruwa ne,
Na ce ɗana ne, ban yar da shi ba.
Wata tara Malama na riƙe da hannunsa,
Ta naɗe cokali da ƙyalle, ba ta gaji ba.
Ran da ya kai loma baki da kansa,
Na fara guɗa, kuka bai bar ni ba.
Yau ta tafi, cokalin yana kan taga,
Tun ran Litinin bai ko dube shi ba.

Malamar Aji, Gyallesu:
Wa alaikumus salam Yaya. Ban san ta ba, amma aikinmu ɗaya.

Yaya, kar ki riƙe ta a zuciya,
Ba ƙin ɗanki ne ya kore ta ba.
Yara goma sha huɗu, ni kaɗai a aji,
Wani na farfaɗiya, wani bai zauna ba.
In na kai ɗaya bayi, wa ke da sauran?
Har yau ba a ba ni mataimakiya ba.
Dubu 70 aka yanka mafi ƙarancin albashi a 2024,
Mu na makarantun kuɗi ba mu gan ta ba.
Tun janye tallafin mai, kuɗin keke
Bai bar min ko na cefane ba.
Iyayen ma ba zan ce su ƙara ba,
Wasu ko na zangon baya ba su cika ba.

Mai Gashin Ƙashi, Samaru:
Mu shida muka gama karatu tare,
Huɗu na Ingila da Saudiyya, ba su dawo ba.
Uwa ta goyo ɗan shekara tara tun asuba,
La'asar ta yi, layi bai zo kanta ba.
Gaɓar da na sassauta a watan jiya,
Ta sake ƙagewa, don ba a ci gaba ba.

Baba Ɗan Fansho, Kwarbai:
'Ya'yana, kun sa ni hawaye. Jikata ma tana cikinsu. Bari tsoho ya sa baki, ko da baitin ya yi ɗingishi.

A 2001 ƙasashen Afirka suka taru a Abuja,
Kashi 15 na kasafi ga lafiya, ba mu cika ba.
Janairun 2019 Buhari ya sa hannu,
Dokar masu nakasa, ba mu manta ba.
Ta ce karatu kyauta har sakandare,
Wa zai koyar, in ba a biya shi ba?
Oyo na da kwalejin malaman masu nakasa tun 1977,
Malaman da take yayewa ba su ishe mu ba.
Uku ga Disamba, ranar masu nakasa, a raba keken guragu,
Na gode, amma jikata ba keke ta rasa ba.
Mai koya mata kiran sunanta take nema,
Shi kuwa albashi yake so, ba hoto ba.

Malamar Aji, Gyallesu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya, ga abin da zan iya.

Asabar bayan la'asar ki zo zaurenmu,
Ban ce ki riƙo ko sisi ba.
Ke zan koya wa yadda ake kama hannun,
Don ke ce ba ki taɓa ajiye aikin ba.

Uwar Auta, Tudun Jukun:
Allah ya saka, ƙanwata, muna tafe,
Da wata maƙwabciya, nata bai fara magana ba.
Zan zo da cokalin yadda ta bar shi,
Ƙyallen ya yi dauɗa, ban kwance ba.