Simfoni na 2 na Tippett: wa ya rusa daren farko?

Mai Fiyano: Kullum ana yabon Simfoni na 2 (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na Michael Tippett, marubucin kiɗa ɗan Ingila, alhali kiɗa ne da ba ya kaɗuwa. Ranar 5 ga Fabrairu 1958 a Royal Festival Hall da ke Landan, a daren da aka fara kaɗa shi, makaɗan BBC suka rikice a kashi na farko, ana yaɗawa kai tsaye a rediyo, sai da Adrian Boult, madugun da ke jagorantar makaɗan, ya tsayar da su aka koma farko. Me ya rage a faɗa?

Mai Goge: Malam, janye "ba ya kaɗuwa". Madugu Colin Davis ya naɗe shi a faifai da makaɗan London Symphony a 1967, ba wanda ya ɓata. Abin da aka kaɗa ai ya kaɗu.

Mai Fiyano: Bayan shekara tara ana fama!

Mai Goge: Matsalar a takarda take. Tippett yana tara bugu uku-uku da bibbiyu, sai ya ɗaure notocin da sanda ɗaya ta tsallake layin awo (layin da ke raba kiɗa gida-gida a takarda), don mai goge ya ga inda jimla ta fara da inda nauyi zai sauka. Shugaban masu goge, Paul Beard, ya sa aka sake rubuta takardunsu yadda aka saba, kowane awo a ɗakinsa. Da ka yi haka ido zai ɗora nauyi a farkon awo, jimlar ta karye.

Hajiya Mai Sarewa: Ƙanena, bar Beard ya huta. Saurari naɗin daren: masu goge suna kan hanya. Sarewa ce ta shigo ba a wurinta ba, sauran masu busa suka bi ta, masu ƙaho kuma da kunne suke ɗaukar shigarsu daga masu busa, su ma suka zarce.

Magoyin Bayan Boult: To a daina taɓa Boult. Ya juyo ya gaya wa jama'a laifinsa ne shi kaɗai, don ya rufa wa makaɗansa asiri. Dattijo ke nan.

Mai Goge: Dattako daban, riƙe awo daban. Aikin madugu ne ya ba sarewa alamar shiga.

Magoyin Bayan Boult: Kai da ko ƙungiyar makaranta ba ka taɓa jagoranta ba?

Mai Ƙaho: Ku duk kun manta da notar C mai kauri da fiyano da manyan goge ke dukawa a buɗewa. Daga kiɗan Vivaldi, tsohon marubucin kiɗa ɗan Italiya, Tippett ya samo tunanin, a garin Lugano na Switzerland ya ji shi. In aka bar ta ta yi gudu, masu ƙaho ba sa samun numfashi.

Hajiya Mai Sarewa: Wa ya tambaye ka Vivaldi, Malam?

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: simfonin yana kaɗuwa, Beard ne ya ɓata takardu, Boult bai ba da alama ba. Maganar sarewa ba ta samu goyon baya ba.

Hajiya Mai Sarewa: Ranka ya daɗe, kai ma goge kake kaɗawa, shi ya sa.