Asu ya cinye min kayan sanyi, dan Allah a taimaka da shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da na ga iska ta fara kaɗawa na ce bari in sauko da akwatin kayan sanyi daga saman wadrob, tun watan Maris rabona da shi, ina buɗewa kawai sai ga suwaitocin yara guda biyu duk huji kamar tartsatsin wuta ya zubo musu. Wannan da sauƙi, abin da ya tsaya min a rai alkyabbar maigida ce, ta mahaifinsu ce marigayi, an cinye wajen wuyan, hularsa dara ma ba ta tsira ba. A cikin ninkin akwai wani abu fari-fari kamar saƙar gizo da 'yan tsutsotsi ƙanana. Abin mamaki atamfofina da shaddodi suna cikin akwatin amma ko ƙwarzane babu, kuma fa na jefa kafur guda uku kafin in rufe. Ban ma faɗa masa ba tukuna wlh. In watsa fiya-fiya ne ko ya zan yi?

Baba Tela:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq wannan asu ne ba tantama. Ki bar maganar fiya-fiya a kan tufafi, guba ce, kayan nan jikin yara za su koma. Shi ɗan malam-buɗe-littafin da kike gani mai ruwan ƙasa-ƙasa yana gudun haske ba ya cin komai, ƙwai kawai macen take zubawa, kamar 40 zuwa 50, in akwai ɗumi cikin kwana 10 sun ƙyanƙyashe, to tsutsar ita ce mai ɓarna. Abincinta duk abin da ya fito daga jikin dabba, ulu, siliki na asali, gashi, fata mai gashi. Shi ya sa atamfa da shadda suka tsira, auduga ce, ba ruwansa da ita sai dai in akwai zufa ko maiƙon abinci a jiki. Ki lura wuyan alkyabbar ya fara ci, nan zufa take taruwa.

Ki fitar da komai tsakar gida, har wanda bai taɓa ba, ki kakkaɓe da buroshi musamman ɗinki da aljihu da ninki, nan ƙwan yake maƙalewa. Wanda zai jure ruwan zafi a wanke shi da ruwan zafi sosai a bi da guga. Ulu kuma kar ki sa masa ruwan zafi, tsukewa zai yi ya koma na jariri, shi ki ƙulle a baƙar leda ki ajiye a rana tsaka ko cikin mota a rufe gilasai, zafin da ya wuce digiri 50 na rabin awa yana kashe har ƙwan, amma ki bar shi wuni guda don zafin ya ratsa ciki. Alkyabbar kam masu wankin dirai-kilin za ki kai wa, bayan nan a nemi mai ɗinkin hannu ya cike wajen, in hujin bai yi yawa ba ba mai ganewa sai wanda aka nuna wa.

Anti Nas:
Ni kan kafur ɗin zan yi magana don aikin asibiti nake. Na farko guda uku a akwatin da iska ke shiga ba abin da zai yi, turirinsa sai ya taru a wuri rufaffe kafin ya kashe komai. Na biyu dan Allah iyaye mata a daina zuba shi a kayan jarirai!! Akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, yana da yawa a ƙasar nan musamman a 'ya'ya maza, in suka shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsu jininsu fashewa yake yi sai ki ga shawara ta kama jariri ido ya yi ɗorawa. Ga masu rarrafe da ke tsinta su kai baki suna zaton alawa ce. In akwai ƙaramin yaro a gidan ki haƙura da shi kawai.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Hhhh ashe har gida yana nan, mu a nan ai abokin zama ne saboda kafet na ulu da ɗumin hita. Mu firiza muke sa kaya, a ƙulle a leda a bar shi aƙalla kwana 3 a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ni sati nake bari, amma da halin wutarmu a gida gara shawarar Baba ta rana. Abin da ba a faɗa ba shi ne ɗakin kansa, in kin gyara kaya kin mayar da su akwati mai ƙwai aikin banza kika yi. Ki share akwatin da wadrob lungu-lungu ki goge da ruwan sabulu mai zafi, ki ɗaga kafet da darduma ki duba ƙarƙashin gado da bayan kujera inda tsintsiya ba ta kai wa. Akwai tarko mai gam da ake sayarwa, maza kaɗai yake kamawa, amfaninsa dai ki san ko da saura.

Hajiya Babba:
'Yar nan mu da can ganyen darbejiya busasshe da kanumfari muke ƙullewa a tsumma mu cusa a adaka. Ba ya kashe wanda ya riga ya shiga, korar baƙo dai yake ɗan yi. Babban maganin kar a ajiye kaya da datti, kuma ko da damina ce in rana ta buɗe a fito da su su sha iska, ba a rufe akwati wata takwas a manta ba. Ki tuna kuma ko kin haɗa da na gwanjo ba ki wanke ba.

Maman Sadiq:
Innalillahi, Hajiya kin tuna min, akwai wata rigar sanyi ta gwanjo da na sayo wa Sadiq a ƙarshen sanyin bara, bai ma sa ta ba na cusa ta haka nan. Yanzu na duba ita ta fi kowanne lalacewa, na riga na jefa ta a wuta. Sauran suna cikin mota tun ƙarfe 11, kafur ɗin ma na kwashe Anti. Na gode Allah ya saka da alheri. Baba Tela in na turo hoton wuyan alkyabbar za ka iya duba min ko za ta gyaru? Anjima da daddare zan faɗa wa mai ita, gara in je da amsa a hannu.