Idan arewacin Nijar hamada ce, daga ina lambunan Agadas suke samun ruwa?

Malamar labarin ƙasa, Daura

Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma taswirar da muke amfani da ita tana nuna fiye da rabin Jamhuriyar Nijar da launi guda, an rubuta hamadar Sahara a kai. Amma duk wanda yake shiga kasuwanninmu ya san cewa daga can ake kawo albasa da tafarnuwa da dabino da gishirin kantu. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ƙasar da ba ta samun ruwan sama take ciyar da lambu, kuma ina son in ba su amsar da ta dogara ga ainihin siffar ƙasar. Ina roƙon masu sani su yi mana bayani.

Ɗan Abzin

Wa alaikumus salam, Malama. Taswirar ce ta haɗe wurare da yawa da ba su yi kama da juna ba. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma arewacinta ya ƙunshi duwatsu, da filayen tsakuwa, da tuddan rairayi, da gangaren dutse masu tsawo, kowanne da irin ruwansa.

Albasa da tafarnuwar da kika ambata daga duwatsun Abzin suke fitowa, arewa da birnin Agadas. Tsohon dutse ne mai tauri da ya taso sama da filin da ke kewaye da shi, a kansa kuma akwai wasu manyan tsaunuka da suka yi tsaye kamar tsibirai, har da ramukan tsohon aman wuta. Mafi tsawo a ƙasar yana tsaunin Bagzan, mita 2,022. Saboda wannan tsawo, ɗan hadarin da yake kaiwa can a watannin Yuli da Agusta yakan zubar da ruwa fiye da na filin ƙasa. Dutsen ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya zuba sai ya gangara ya taru a ƙoramu, ya yi gudu na sa'o'i ko kwanaki kaɗan, sannan ya nitse cikin yashin da ya cika gadon ƙoramar. A ƙarƙashin yashin nan ruwan yake kwana shekara guda, rana ba ta ƙone shi, kuma rijiya ta 'yan mitoci tana cim masa. A da raƙumi ko sa ne yake jan guga, yanzu injin ban-ruwa ya yawaita. Da wannan ruwa ne Tabelot take noman albasa, Timiya kuma take da lemo da rumman da inabi, domin sanyin tudu yana taimaka musu.

Ƙoramar Telwa da take wucewa ta gefen Agadas ita ce take cika rijiyoyin wajen, ita ce kuma ta yi ambaliyar watan Satumba na 2009 da ta rushe gidaje masu yawa a birnin. Ina ganin ya kamata ɗalibai su san cewa a hamada ruwa yana kashe mutane da yawansa kamar yadda yake kashewa da rashinsa.

Baƙon Kawar

Abin da ɗan'uwa ya faɗa daidai ne a kan Abzin, amma bai shafi dabino da gishiri ba, domin labarin garin Bilma, inda suke fitowa, daban yake. Gabas da duwatsun akwai hamadar Tenere, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 400,000. Arewacinta shimfiɗaɗɗen fili ne na tsakuwa da yashi mai tauri, kudancinta kuwa jerin tuddan rairayi ne da iskar arewa maso gabas ta shirya layi-layi har zuwa iyakar Chadi. A nan ne aka yi itaciyar ƙaya guda ɗaya tilo da ayari suke gane hanya da ita, wadda mota ta kayar a 1973, kuma gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai a yau.

A Bilma ruwan sama na shekara bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo babu. Abin da ya rayar da garin shi ne gangaren Kawar, doguwar katangar dutse da ta miƙe daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 150. Garuruwan Segedin da Ane da Dirku da Bilma duk a gindinta ta yamma suke zaune, inda take tare musu iska mai ɗauke da yashi, kuma inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa da sama har yana ɓuɓɓugowa a idanun ruwa. Saiwar dabino tana kai wa gare shi da kanta. Inda ruwan ya ratsa ƙasa mai gishiri kuwa, sai a haƙa ramuka ya taru, rana ta ƙafar da shi, a kwashe gishirin a zuba a mazubi a yi kantu. Fashi ma haka take, a gindin nata dutsen, shi ya sa ayarin gishiri daga Abzin yake yada zango a can.

Malamar labarin ƙasa, Daura

Na gode ƙwarai, malamai. To shi ruwan da ke ƙarƙashin Kawar daga ina ya zo, tun da sama ba ta ba da shi?

Tsohon ma'aikacin rijiyoyi, Tawa

Malama, wannan tambaya ce mafi muhimmanci, kuma ita ce nake son a koya wa yara da kyau. Mafi yawan ruwan nan tsohon ruwa ne da ya shiga cikin dutsen yashi a zamanin da Sahara take da damina. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, alhali a shekarun 1960 bai wuce 25,000 ba. Shaidar tana nan a fili. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburburan mutanen da suka rayu a bakin tafki, tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina, kuma a Dabus akwai raƙuman dawa da aka zana a jikin dutse da girmansu na gaskiya. Sai dai kada a haɗa wannan da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, wato dinoso, da aka tono a Gadufawa, domin waɗancan sun haura shekaru miliyan 100, zamaninsu ya yi nisa da na ɗan'adam.

Kogunan wancan lokaci sun bar gadonsu. Ruwan da yake gangarowa ta yammacin Abzin yana bi ta filin Irazar, inda makiyaya suke haɗuwa a Ingal bayan damina domin dabbobi su lashi gishiri, sannan ya shiga kwarin Azawak, wanda ya ci gaba kudu ya zama Dallol Boso har ya isa kogin Isa, wato kogin Neja. Yau kogi ba ya gudu a cikinsa, amma mai haƙa rijiya ya san cewa a cikin kwarin ruwa yana kusa, a kan tudun da ke gefensa kuwa sai an yi zurfi mai yawa. Dallol Mauri da gulbin Maraɗi su ma haka suke tara garuruwa a bakinsu.

Ina jan hankali a kan bambanci guda. Ruwan ƙoramun Abzin yana sabuntuwa duk shekarar da aka yi damina mai kyau, ko da yake yawan injina yana sa rijiyoyi su ja baya kafin rani ya ƙare. Ruwan zurfi, irin wanda ma'adinan yuraniyom na Arlit suka dogara da shi tun farkon shekarun 1970, abin da yake komawa cikinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da ake ɗiba. Saboda haka idan za ki zana wa ɗalibai taswira, ina ba da shawarar ki ba waɗannan ruwaye biyu launi daban-daban, ki kuma nuna kwaruruwan da suka bushe da layi mai ɗigo-ɗigo, daga Abzin har zuwa kogi.